Idan salula ta ce an samu kuskure, me ya kamata ka yi?

Ka taɓa aika kuɗi ta salula daga Madarunfa zuwa Maraɗi, sai saƙo ya fito cewa aikin bai yiwu ba? Kada ka ɗauka wayar ta lalace. Sau da yawa wannan saƙon ne ke tsare maka kuɗinka.

Daga ina saƙon yake fitowa?

Salula da kwamfuta ba su da hankalin kansu. Mutane ne ke rubuta musu umarni cikin harsuna na musamman, irin su C da Ada. Sai wata manhaja mai aikin tafinta ta juya umarnin zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Idan an yi kuskuren rubutu, tafintan zai ƙi juyawa har sai an gyara.

Amma akwai matsalar da ba ta bayyana sai ana cikin aiki: rezo ya yanke, kuɗi ba su isa ba, ko an buga lambar sirri ba daidai ba. Saboda haka gwanin marubuci yakan yi tanadi. Yakan ce wa na'ura: gwada wannan aiki, in ya ƙi, dakata, mayar da kome yadda yake, ki sanar da mai waya.

Idan ba a yi tanadi ba fa?

Ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasashen Turai suka harba sabuwar roka mai suna Ariane 5. Da harshen Ada aka rubuta umarninta. Sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka ware mata, kamar a juye buhun hatsi cikin tiya ɗaya. Ba a shirya wa wannan kuskure ba. Na'urar da ke nuna wa rokar hanya ta tsaya, rokar ta tarwatse kafin ta cika minti ɗaya a sama.

Abin da za ka yi

1. Karanta saƙon a tsanake. In da Faransanci ne, nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka, amma kada ka ba shi lambar sirrinka.
2. Kada ka sake aikawa nan take. Duba ragowar kuɗinka tukuna, domin wataƙila sun riga sun tafi.
3. Kada ka yi ta cankar lambar PIN. Kuskure uku yana kulle layi. Sai lambar PUK ke buɗe shi, ita kuma kuskure goma yana kashe layin gaba ɗaya.
4. Ajiye saƙon. Shi ne shaidarka a ofishin kamfanin.

Akwai kuskuren da na'ura ba ta kamawa. In ka buga lambar wani maimakon ta ɗan'uwanka, a wurinta daidai ne, za ta aika. Don haka sake karanta lambar kafin ka danna. In kuwa waya ta dakatar da kai, tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.