Dala 17 a Awa: Inda Gumin Ma'aikaci ke Salwanta a New York

Daga ranar 1 ga Janairun 2026 doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da dala 17 a kowace awa a birnin New York da Long Island da Westchester. A sauran sassan jihar dala 16 ce. Wanda ya ji wannan adadi yana zaune a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya juya shi zuwa kuɗin gida, zai ɗauka 'yan'uwanmu da ke Bronx da Harlem kakarsu ta yanke saƙa. Abin da ba ya gani shi ne, a can ba albashin wata ake yanka wa mai wankin kwanuka ko mai jera kaya a kanti ba. Awa ake saye a hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Doka ta faɗi farashin awar, amma mai gida ne ke yanke awa nawa zai saya, kuma shi ne ke rubuta nawa aka yi.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta fara ƙayyade mafi ƙarancin lada a 1938, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, a kan santi 25 a awa. Yau adadin yana kan dala 7.25, kuma tun watan Yulin 2009 bai motsa ba. Jihohi na da ikon ɗagawa sama da haka, idan kuma dokoki biyu suka haɗu, wadda ta fi amfanar ma'aikaci ake bi. Jihohi 30 da babban birni Washington sun ɗaga, sauran 20 suna nan a 7.25. Cikinsu har da North Carolina, inda 'yan Nijar da dama suka zauna a garin Greensboro. Ƙarin da New York ta samu ma ba kyauta aka ba ta ba. Ma'aikatan gidajen abinci na nan-take ne suka fara yajin aiki a birnin a Nuwamban 2012 suna neman dala 15, sai a 2016 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar da ta kai su can a hankali. Daga 2027 kuma mafi ƙarancin ladan jihar zai riƙa tafiya da hauhawar farashin kaya.

To, mu ɗauki alƙalami. Mai aikin awa 40 a mako a kan dala 17 zai tashi da dala 680 kafin a cire haraji. Idan mako mai zuwa manaja ya ga kasuwa ta yi sanyi ya rubuta masa awa 22, dala 374 ke nan. Ba a karya dokar lada ba, amma kuɗin haya bai ragu ba, haka ma abin da iyaye ke jira a gida. Kuma wanda bai san ranakun aikinsa ba sai daren da za a wayi gari, ba zai iya kama aiki na biyu ba, ba zai shiga ajin koyon Turanci ba, ba zai ce wa mai renon yara ga lokacin da zai dawo ba.

Wannan ne ya sa birnin New York ya kafa dokar jadawalin aiki, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2017. Ta shafi manyan kamfanonin abinci na nan-take masu rassa 30 zuwa sama a faɗin ƙasar. Dole su ba ma'aikaci jadawalinsa kwana 14 kafin lokaci. Idan suka sauya daga baya, akwai ƙarin kuɗi daga dala 10 zuwa 75, gwargwadon kusancin lokacin da kuma ko ƙara aiki aka yi ko ragewa. Idan mutum ya rufe shago da dare aka kuma ce ya zo ya buɗe da asuba, ba a samu awa 11 tsakani ba, sai ya amince a rubuce, a kuma ba shi dala 100. Kafin a ɗauki sabon ma'aikaci, sai an fara tallata awannin da suka samu ga waɗanda ke nan. Kantunan sayar da kaya masu ma'aikata 20 zuwa sama su ma an hana su ce wa mutum ya zauna kusa da waya ko za a neme shi, kuma sai sun ba da jadawali awa 72 kafin lokaci.

Dokar ba ta tsaya a takarda ba. A Agustan 2022 kamfanin Chipotle ya amince ya biya kimanin dala miliyan 20 ga ma'aikata wajen 13,000, bayan hukumar birnin ta tuhume shi da saɓa wa dokar jadawali da ta hutun rashin lafiya. Sai dai a nan ne gizo ke saƙa: yawancin baƙin da suka shigo kwanan nan ba a irin waɗannan manyan kamfanoni suke ba. Suna wurin wankin mota, ƙananan gidajen abinci, ɗakunan ajiyar kaya, shagunan kitso da aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma dokar jadawali ba ta leƙa can. Ma'aikatar ƙwadago ta jihar ta taɓa fito da daftarin ƙa'idojin da za su game jihar baki ɗaya, amma a 2019 ta janye shi. A ganina wannan janyewar kuskure ce, domin waɗanda aka bari a waje su ne mafiya rauni.

Duk da haka dokar jiha ba ta bar su hannu rabbana ba, kuma akwai haƙƙoƙin da mutane da yawa ba su taɓa ji ba. Duk awar da ta haura 40 a mako, ladanta ɗaya da rabi ne, wato dala 25.50 ga mai karɓar 17. A gidan abinci, idan daga lokacin da mutum ya fara zuwa lokacin da ya tashi ya wuce awa 10, yana bin mai gida ladan awa guda na ƙari, ko da an ba shi dogon hutu a tsakiya. Idan ya zo aiki aka ce yau babu ciniki ya koma gida, akwai ladan zuwa: awa uku a gidajen abinci, awa huɗu a yawancin sauran sana'o'i, sai fa idan zangon aikinsa bai kai haka ba. Masu aikin ƙarfi kuwa mako-mako doka ta ce a biya su.

Hanyar da aka fi cin gumin baƙo ita ce yankan kuɗin mako. Mai gida ya ce, zan riƙa ba ka dala 700 a hannu duk Asabar, ba takarda, ba lissafi. Sabon zuwa ya ji ɗari bakwai ya yi godiya. Amma kwana shida yake yi, awa goma-goma, awa 60 ke nan. A doka, awa 40 na farko dala 680 ne, ashirin ɗin da suka biyo baya dala 510, jimla 1,190. Duk mako ana riƙe masa dala 490, a shekara ya haura dala dubu 25. Akwai kuma ɗan tsakure: a ce ka zo da wuri ka goge ƙasa kafin ka danna na'urar shiga, ko na'ura ta cire rabin awar cin abinci alhali a tsaye ka ci kana sallamar masu saye. Minti 15 a rana, kwana biyar a mako, awa 65 ce a shekara. Wani bincike da aka wallafa a 2009, wanda ya tattauna da ƙananan ma'aikata sama da 4,000 a New York da Chicago da Los Angeles, ya gano kashi 26 cikin ɗari an biya su ƙasa da abin da doka ta ce a makon da ya gabata, kuma kashi 76 na waɗanda suka yi ƙarin lokaci ba a ba su cikakken haƙƙinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wani lokaci mai gidan ɗan gida ne. Shi ya tarbe ka, ya ba ka wurin kwana, sahu ɗaya kuke sallar Juma'a, don haka kunya ta hana ka tambayar lissafi. Alherin sauke baƙo abin godiya ne har abada, amma ba ya zama kuɗin awa ashirin. Masu ƙananan sana'o'i kan ce ƙa'idojin sun yi yawa, ribar kuma kaɗan ce. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai abin da doka ta ɗora musu ba ya gagarar mai niyya. Tun Afrilun 2011 wajibi ne a ba sabon ma'aikaci takarda mai nuna ladansa na awa da ranar biya, a haɗa kowane biya da takardar da ta nuna awanni da abin da aka cire, a kuma adana bayanan shekara shida. Wanda aka kama yakan biya abin da ya riƙe, ya ƙara kwatankwacinsa diyya. A 2023 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar da ta sanya riƙe ladan ma'aikaci cikin laifukan sata.

Ga ma'aikaci kuwa, babu makamin da ya kai rubutu. Tun 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa idan mai gida bai adana lissafin awanni ba, kotu na iya dogara da ƙiyasin ma'aikaci mai ma'ana, ya rage wa mai gida ya kawo hujjar da za ta rushe shi. Don haka ƙaramin littafi a aljihu, mai ɗauke da kwanan wata, lokacin shiga, lokacin tashi da abin da aka karɓa, hujja ce. Hoton jadawalin da aka liƙa a bangon kicin shi ma hujja ne, haka saƙon waya da manaja ya turo yana cewa kada ka zo gobe. Dokar lada a New York ta shafi kowane ma'aikaci, mai takardun zama da marar su, kuma laifi ne mai gida ya kore ka ko ya yi maka barazana da jami'an shige da fice don ka kai ƙara.

Mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙani ko miji a New York, a wayarku ta gaba kada ka tsaya a tambayar nawa ake biyansa. Ka tambaye shi awa nawa yake yi, ko ana ba shi takardar albashi, ko yana rubutawa. Idan an ci haƙƙinsa, ma'aikatar ƙwadago ta jihar na karɓar ƙorafi kyauta, kuma a kotu yana da shekara shida ya nemi kuɗinsa.