Fitilar da Mai Mota Ba Ya Gani

Idan babbar fitilar gaba ta mutu, a daren nan direba zai sani, domin hanya za ta yi masa duhu. Idan sigina ce ta ƙone, a yawancin motoci ƙiftawar kan ƙara sauri, ko bai duba ba kunnensa zai gaya masa. Fitilar birki kuwa tana can baya, kuma ba ta kamawa sai ƙafar direba na kan birki, wato daidai lokacin da ba shi da halin fitowa ya leƙa. Sai ka ga mutum ya yi wata da watanni yana yawo da matacciyar danja hankalinsa kwance, har yana tsaki idan ya biyo motar da tata ta mutu. Laifi tudu ne.

Al'adar titi ma ta ɗaure wa abin gindi. Da zarar an yi karo, kafin jami'ai su iso jama'a sun gama yanke hukunci: wanda ya bugo daga baya shi ne mai laifi. Gaskiya ne ba da tazara wajibi ne a kan mai biyowa, amma da wuya ka ji wani a cikin taron ya ce wa na gaban, "Alhaji, shiga ka taka birki mu gani." A ganina da ana yin wannan tambaya, da ba kowace shari'ar bakin titi ce za ta ƙare yadda take ƙarewa ba.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ke biye, idan ya ga jar wuta ta kama, ƙafarsa kan bar totur ta koma birki cikin daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan babu wutar, ba abin da zai ankarar da shi sai ya lura motar gaban tana ƙara girma a idonsa, ido kuwa ba gwani ba ne wajen gane hakan daga nesa, balle da dare, ko cikin hazon hunturu a hanyar Kano zuwa Zariya. A ce daƙiƙa ɗaya kacal ta kuɓuce masa. Mita 28 ke nan, tsawon ƙananan motoci shida a jere. Idan mai biyowar tirela ce ɗauke da siminti, sai dai Allah ya kiyaye.

Saboda irin wannan karo aka ƙara wa motoci fitila ta uku, wadda ke sama ta cikin gilashin baya ko a kan marfin but. Wani masanin halayyar ɗan Adam, John Voevodsky, ya sa wa motocin tasi 343 na birnin San Faransisko ƙarin fitila a baya, kuma sakamakon da ya fitar a 1974 ya nuna bugun da ake yi musu daga baya ya ragu da wajen kashi 60 cikin 100. Amurka ta wajabta fitilar ga ƙananan motoci tun daga samfurin 1986, Turai ta bi sahu a 1998. A wannan shekarar ta 1998 hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta sake lissafi, ta tarar ragin ya tsaya a wajen kashi 4 cikin 100, domin da abin ya zama gama-gari ido ya saba. Ko hakan ma riba ce. Mu da galibin motocinmu 'yan Kwatano ne, mun gaji fitilar ba tare da mun nema ba, sai dai ita ce aka fi bari ta mutu, ko a tare ta da matashin kai da kwalin tishu, ko a liƙe ta da baƙin tinti.

Dubawa ba ta cin ko sisi. A gidan mai ma kana iya ce wa mai zuba man, "Don Allah ƙanena, duba mini baya, zan taka birki." In ba kowa, ka yi baya da motar da daddare zuwa jikin bango mai haske ko ƙofar gilashi ta shago, ka taka, ka kalli madubi, jan haske zai fito a dama da hagu da sama, ko kuma ka ga giɓi. Wasu motocin, musamman na Turai, sai an murɗa makulli wutar birki ke kawowa. A duba sau biyu, da fitilun fakin a kashe da kuma a kunne, domin akwai matsalar da ba ta bayyana sai an haɗa su.

Shi ƙwan fitilar, gilashi ne da siririyar wayar ƙarfen tungsten a ciki, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400. Wuta na bi ta cikin wayar, ta yi zafi sama da digiri 2,000, ta ba da haske. A hankali ƙarfen ke tashi yana mannewa a jikin gilashi, shi ya sa tsohon ƙwai ke yin baƙi, wayar kuma tana sirancewa har ranar da za ta tsinke. Na birki ya fi saura shan wahala. A cunkoso irin na Nyanya zuwa Mararraba kunna-kashe yake yi ba hutu, kuma duk lokacin da zai kama, wayar da ta huce tana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin abin da take sha idan ta yi zafi. Ga girgizar ramuka. Ga kuma altaneto: lafiyayye kan ba da bolt 13.5 zuwa 14.5, kuma masu ƙera ƙwai suna lissafa cewa ƙarin kashi 5 cikin 100 a ƙarfin wuta yana raba kwanan ƙwai biyu. Motar da ke cin ƙwai duk bayan 'yan makonni, cajinta za a auna, ba sayen ƙwai za a ci gaba da yi ba.

Wajen sayen ne aka fi yin ɓarna. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ce a ba ka ƙwan birki, yaron shago zai miƙo abin da ya fi kusa da hannunsa, alhali ƙwan iri-iri ne. Akwai mai gindin ƙarfe da waya ɗaya a ciki, lambarsa P21W, Amurkawa na ce masa 1156. A ƙarƙashinsa ɗigon dalma ɗaya ne. Akwai mai waya biyu, P21/5W ko 1157, mai ɗigo biyu: waya mai wat 5 ita ce ta fakin, mai wat 21 ita ce ta birki, duka a cikin gilashi ɗaya. Sannan akwai marar gindin ƙarfe, mai falen ƙasa da ake sokawa kai tsaye, kamar 7443 da ke cikin motocin Toyota da Honda da yawa, da 3157 na motocin Amurka. Lambar na rubuce a gindin tsohon ƙwan. Hanya mafi aminci ita ce a ciro shi a tafi da shi kasuwa.

Ɗauki mai waya biyun ka duba gefensa da kyau. Akwai 'yan ƙusoshi biyu, amma ba a layi ɗaya suke ba, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. An yi haka ne don kada ya shiga sai ta fuska ɗaya. Idan ya ƙi shiga wani ya danna shi da ƙarfi a juye, sai aikin ya koma baibai: wayar mai ƙarfi ta riƙa ci tun da aka kunna fitilun dare, mai biyowa ya ɗauka birki ake takawa, idan kuma aka taka da gaske ba ya ganin bambanci. Zafin wat 21 da ke ci duk tsawon tafiya kuma yana iya narka robar soket. Idan kuwa mai waya ɗaya aka cusa a gurbin mai biyu, ɗigonsa ɗaya zai iya haɗe layukan nan biyu, kana taka birki fitilun fakin na gaba da na dashbod su kama. Mutane da yawa sun biya mai wayarin kuɗin neman matsalar da ba ta wuce ƙwai ɗaya ba. A kula da bolt ma: manyan motoci 24 suke amfani da shi, ƙwansu a ƙaramar mota dishi-dishi zai yi, na ƙaramar mota kuma a tirela nan take zai ƙone.

Canjin kansa aikin 'yan mintoci ne. Kashe mota da fitilu, ka bar ƙwan ya huce. A yawancin motoci masu but, idan ka buɗe za ka ga shimfiɗa ko ɗan marfi a bayan fitilar. Ɗage shi za ka tarar da soket biyu ko uku da wayoyi. In ba ka tabbatar da na birki ba, sa a taka ka ga wanda ke kamawa a ɗaya ɓangaren. Kama soket ɗin, murɗa shi hagu kaɗan, zai fito da ƙwan a bakinsa. A wasu motocin, irin su jif da ƙananan bas, sai an kwance noti ko sukuru biyu, galibi da sifana mai lamba 10, a jawo fitilar gaba ɗaya. A nan ake son haƙuri: a ja ta baya sak, kada a lanƙwasa ta gefe, domin akwai 'yan ƙafafun roba da ke riƙe da ita, in suka karye fitilar ta dinga rawa ke nan.

Ƙwai mai gindin ƙarfe, danna shi ciki kaɗan, murɗa hagu, sai ya saki. Mai falen ƙasa kuwa jawo shi kawai ake yi. In ya cije, naɗe shi da tsumma kafin ka matsa, don gilashin na iya fashewa a hannu. Kafin ka sa sabon, leƙa cikin soket. Idan ka ga kore-kore ko tsatsa, ruwa na shiga, daga tsagewar gilashin fitilar ko daga tiyon masu wankin mota. Goge shi da ɗan sanfefa har ƙarfen ya yi haske. Gargaɗin nan na kada yatsa ya taɓa gilashi ya fi shafar ƙwan halojin na fitilar gaba, amma riƙe wannan ma da tsumma mai tsabta ba ya cutarwa. Sa sabon, a taka birki ka gani da idonka kafin ka mayar da komai. Ni dai ra'ayina a canza duka biyun lokaci ɗaya: tare suka fara aiki, tare suka sha ramuka, ɗayan ba zai daɗe ba.

Idan fitila ɗaya ce ta mutu, kusan kullum ƙwai ne. Idan duka ukun ne suka ɗauke lokaci ɗaya, a fara da fiyus. A Toyota da yawa an rubuta masa STOP a marfin akwatin. Kalarsa na nuna ƙarfinsa, ja amfiya 10, shuɗi 15, kuma irinsa za a mayar. Ɗaure shi da silin waya ko takardar kwalin sigari, kamar yadda ake yi a wasu garejoji, cire wa motar mai gadi ne. Duk abin da ya ƙona fiyus ɗin yana nan, yanzu wayoyin zai dafa.

Bayan fiyus sai makunnin da ke saman fedar birki, can ƙarƙashin sitiyari. Idan ya lalace, mota mai giyar atomatik kan ƙi fita daga P, domin da saƙonsa take sanin an taka birki. Akwai kuma akasin haka, wanda masu tsofaffin Honda da Hyundai suka sani: wata 'yar roba mai faɗin maɓallin riga da ke danne makunnin tana bushewa ta farfashe, sai fitilun birki su ƙi mutuwa, ka kwana ka tashi batir ya sauka. Gutsattsarin robar a kan shimfiɗar ƙafa su ne shaida. Idan kuwa ka ga danja na ƙiftawa tare da sigina, ko tana dushewa da an kunna fakin, wayar da ke mayar da wuta jikin mota ce ta saki ko ta yi tsatsa. Wannan aikin mai wayarin ne.

Gilashin da ya fashe ma ba a bar shi haka. Ƙwan fari ne, gilashin ne ke mayar da hasken ja, kuma farar wuta a bayan mota ma'anarta ribas. Jar leda da salatif na iya kai ka gida, ba za su kai ka ƙarshen damina ba, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna da hurumin tsayar da kai a kanta.

Yanzu kasuwa ta cika da ƙwan LED, kuma yana da abin yabo. Ƙwai mai waya na ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin haskensa ya cika, LED kuwa nan take. A gudun kilomita 100 wannan ya fi mita biyar. Amma masu arha da yawa ba su bambanta hasken fakin da na birki sosai, bambancin nan kuwa shi ne saƙon gaba ɗaya. A saya ja, don farin LED a bayan jan gilashi yakan fito fari-fari. Idan mai falen ƙasa ne ya ƙi kamawa, ciro shi ka juya shi, domin LED fuska ɗaya yake karɓar wuta. Wasu motocin Turai kuma za su riƙa nuna alamar ƙwai ya mutu a dashbod, saboda ƙarancin wutar da yake ja. Masu walƙiya kamar na motar asibiti da samari ke sakawa, da fenta gilashin da baƙi don ado, ban ga abin da suke ƙara wa mai biyowa ba sai ruɗani.

Sababbin motoci da yawa daga kamfani suke zuwa da LED a rufe cikin fitilar, babu ƙwan da za a ciro. Idan layi ɗaya ya mutu, ko dai a sayi fitilar sukutum, ko a nemi mai gyaran da zai tsaga ta ya yi aiki a kan allon ciki, kuma kuɗin ba na ƙwai ba ne. Mai sayen 'yar Kwatano ya zagaya baya ya sa dillali ya taka birki kafin a fara maganar farashi.