Inshorar Lafiyar Ma'aikata da Matsalar Rashin Haihuwa

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa ma'aurata suna da matsalar haihuwa idan suka shekara guda suna saduwa ba tare da tazarar haihuwa ba, kuma ciki bai shiga ba. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar wannan matsala a rayuwarsa. Cuta ce kamar kowace cuta, amma inshorar lafiya a Nijeriya ba ta ba ta wannan matsayi ba.

Tsarin inshorar ma'aikata ya fara aiki a 2005 ƙarƙashin NHIS, sannan dokar 2022 ta maye gurbinsa da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Ana cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a kula da shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Jigawa ma tana da tata hukumar, JICHMA. Sai dai ƙa'idojin NHIS sun jera dashen ƙwan haihuwa, wato IVF, cikin abubuwan da ba a biya ko kaɗan. Tsarin na ɗaukar nauyin awo da haihuwa, amma wadda ke neman cikin ta hanyar IVF, ita da aljihunta.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Amurka, jihar Massachusetts ta tilasta wa kamfanonin inshora biyan maganin rashin haihuwa tun 1987, ko da yake manyan ma'aikatun da ke biya wa ma'aikatansu kai tsaye dokar jiha ba ta hawa kansu. Faransa kuwa gwamnati ce ke biyan kuɗin IVF har sau huɗu.

Ga malamin makaranta a Gwaram ko ma'aikaciyar jinya a Birnin Kudu da ke jihar Jigawa, IVF ba shi ne matakin farko ba. Aiki ne na miliyoyin naira, kuma sai an je manyan birane kamar Abuja. Abin da ya fi yawa a wannan yanki shi ne toshewar bututun mahaifa bayan ciwon sanyi da ba a magance ba, ko bayan ɓari da haihuwar gida da ƙwayoyin cuta suka shiga. Sai kuma ƙarancin ƙwayoyin maniyyi a wajen namiji, wanda ba a cika zancensa ba. Mace ce ake kira juya, ita ke zaryar masu magani da shan jiƙe-jiƙe, a ƙarshe a yi mata kishiya, alhali gwajin maniyyi ya fi duk gwaje-gwajenta sauƙi da araha. Dokar da za ta amfani mutane ita ce wadda ta fayyace cewa inshora za ta biya gwajin miji da mata tare, da hoton bututun mahaifa, da maganin sanyi, a asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Akwai giɓi biyu da suka rage. Mai mata biyu ko uku sai ya biya ƙari kafin a sa sauran, kuma ana iya barin marar haihuwar a waje. Sannan mafi yawan mutanen Gwaram manoma ne da 'yan kasuwa, ba su da albashin da za a yanka, don haka duk dokar da aka ɗora a kan masu ɗaukar ma'aikata ba ta isa gare su.