Teburin Rubutu na Turai da Sauye-sauyen Siffarsa

A Hausa kalmar tebur guda ce, an aro ta daga Ingilishi, kuma ita a ke faɗa wa na cin abinci, da na mai sayar da kaya a bakin kasuwa, da wanda akawu ke zama gabansa a ofis. Amma a wurin Turawa teburin rubutu jinsinsa dabam ne, yana da sunaye masu yawa da tarihi mai tsawo. Masu cinikin kayan da su kan kasa shi kashi biyu: wanda ya cika shekara 100 shi ne tsohon kaya na ainihi, wanda bai kai ba kuwa, amma yayinsa ya wuce, yana bi masa a daraja.

Wanda ya dubi jerin teburan nan a gidan ajiye kayan tarihi zai zaci ado kaɗai ke sakewa. Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, sakewar ta fi ado zurfi. Abu uku ke jan siffar tebur: abin da a ke rubutu da shi, da yawan takardun da a ke ajiyewa, da wanda ke da iko bisa takardun.

1. Zamanin gangare

Kafin ɗab'i ya bayyana a Jamus wajen 1450, kowane littafi a Turai da hannu a ke juyarsa, galibi bisa fatar maraƙi ko ta tunkiya da aka karce ta yi laushi. Alƙalamin kuwa gashin fiffiken dinya ne da aka feƙe. Irin wannan alƙalami in an tsai da shi tsaye sai tawada ta kwararo ta ɓata shafi, in kuwa an kwantar da shi sai ta sauko kaɗan kaɗan. Saboda haka aka ɗaga allon da a ke ɗora fatar, aka yi shi da gangare mai tsanani, domin alƙalami ya same shi a kwance. Akwai sanannen hoto na Jean Miélot, magatakardan sarkin Burgundi, wanda ya rasu a 1472, yana zaune gaban irin wannan allo, littafin da ya ke juya yana ɗore can bisa. Ma'aji bai dami mai irin wannan aiki ba, gama littafi guda ya ke fama da shi wata da watanni.

Da karatu ya yaɗu, sai allon ya koma akwati mai karkataccen murfi, wanda a ke ɗauka a yi tafiya da shi. Akwatin Sarki Henry na 8 na Ingila, wanda aka yi wajen 1525, yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Irin wannan bai mutu da wuri ba: bisa ɗan akwati haka Thomas Jefferson ya tsara takardar shelar 'yancin Amurka a 1776.

2. Zamanin aljihu da makulli

Tun daga ƙarni na 16 aikin rubutu ya sake. Mai rubutu ya zama ɗan kasuwa ko ma'aikacin sarki, mai wasiƙu da takardun bashi waɗanda ba ya so kowa ya gani. A Sifen aka yi wani akwati da a ke kira bargueño, wanda fuskarsa ke buɗewa ta kwanta ta zama wurin rubutu, bayanta kuwa ga ƙananan aljihuna jere. Adonsa na ƙashi da hauren giwa yana ɗauke da hannun masassaƙan Musulmin Andalus. A Ingila, ƙarshen ƙarni na 17, aka ɗora akwati mai gangare bisa akwatin aljihuna suka zama abu guda, har a kan ɓoye wani aljihu a bayan wani, wanda mai tebur kaɗai ya san sirrinsa.

Faransawa suka kira irin wannan kaya bureau, kuma tarihin kalmar abin lura ne ga ɗalibin harshe. Asalinta sunan wani kaushin zanen ulu ne da a ke shimfiɗawa bisa teburin lissafi. Daga zane sunan ya koma kan tebur, daga tebur ya koma kan ɗakin da teburin ke ciki, daga ɗaki ya koma kan hukumar da ke zaune a ɗakin. Ita ce ta shigo Hausar Nijar ta zama biro, watau ofis. Biron da a ke rubutu da shi a Nijeriya kuwa dabam ya ke, sunan László Bíró ne, mutumin Hangare da ya ƙago alƙalamin.

Ƙarshen gwaninta a wannan fanni shi ne teburin Sarki Louis na 15 da ke fadar Versailles. Jean-François Oeben ya fara shi a 1760, ya rasu a 1763, almajirinsa Jean-Henri Riesener ya ƙare shi a 1769. Murfinsa lanƙwasasshe ne, ya kan sulalo ya rufe fuskar tebur da dukan takardun da ke bisanta, kuma juyi ɗaya na makulli ya kan kulle murfin da aljihunan gaba ɗaya. An bar 'yan ƙofofi a gefe domin bara ya ƙara tawada ba tare da ya ga abin da ke ciki ba. Dalilin wannan tsari a fili ya ke, gama sarkin yana da wakilai na ɓoye a ƙasashen waje, masu aiko masa da wasiƙun da ko ministocinsa ba su sani ba.

3. Maganar katako

Katako ma ya bi zamani. A Ingila an fara da itacen oak mai nauyi, sa'an nan daga wajen 1660 aka koma ga walnat. Sanyin 1709 ya kashe itatuwan walnat da yawa a Turai, Faransa ta hana fitar da katakonsa a 1720, Ingila kuma ta ɗauke kuɗin fito daga katakon ƙasashen da ta ke mulki a 1721. Nan ƙofa ta buɗe wa mahogani, ɗan'uwan maɗaci, wanda a ke kawowa daga Jamaika. Yana ba da faffaɗan allo, yana karɓar sassaƙa, ba ya saurin kandarewa, don haka manyan tebura masu shimfiɗaɗɗiyar fuska suka yawaita, irin waɗanda Thomas Chippendale ya zana cikin littafinsa na 1754. Wajibi ne a tuna cewa bayin da aka kwaso daga Afirka su ne ke saran itatuwan nan suna jan gungumensu zuwa bakin teku. Ƙyallin teburin bai kamata ya rufe wannan ba.

4. Zamanin ofis

A ƙarni na 19 takarda ta yi ambaliya. Masana'antun Birmingham suka shiga ƙera bakin alƙalami na ƙarfe tun shekarun 1820, wanda ba ya bukatar gangare mai yawa. A 1840 kuɗin aika wasiƙa a Ingila ya sauko zuwa kobo ɗaya na lokacin. Amsar farko da kafintoci suka bayar ita ce ƙara ma'aji. A 1874 William Wooton na Indianapolis a Amurka ya yi rajistar wani tebur mai ƙofofi biyu masu kauri, wanda in an buɗe shi a kan sami gurabe fiye da 100 na ajiye takardu. Teburin mai naɗaɗɗen murfi, wanda da sai sarki, masana'antu suka riƙa fitar da shi da yawa har ya kai ga ƙananan akawuna.

Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A wannan shekara ta 1874 kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta, wadda ke son wuri shimfiɗaɗɗe, mai ƙarfi, wanda bai cika tsawo ba. A shekarun 1890 aka fara jera takardu tsaye cikin kabad na fayil, suka bar teburin mutum ɗaya suka koma ma'ajin kowa. Sa'an nan Frederick Taylor ya fitar da littafinsa kan tsara aiki a 1911, masu bin ra'ayinsa suka ga cewa murfi da gurabe wurin ɓoye aikin da ba a gama ba ne, dogon bayan teburin kuma yana kare akawu daga idon shugabansa. Sai aka sare su duka, aka bar fili da 'yan aljihuna. Watau makullin da aka ƙago domin sirrin mai tebur an karɓe shi, gama takardun yanzu na kamfani ne. Daga nan aka sami teburan ƙarfe masu ruwan toka na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sirara marasa ado na ƙasar Denmak a shekarun 1950 da 1960, har kwamfuta ta zo da nata bukatun.

5. Gane shekarun tebur

Kama da wane ba ta wane. Kafintocin ƙarni na 19 sun kwaikwayi salon Chippendale da na Faransa ƙwarai, don haka wanda ya dogara ga ado kaɗai zai yi kuskuren shekara 100 bai sani ba. Masana su kan zaro aljihu su juya shi. Haƙoran da ke haɗa kusurwarsa, in aikin hannu ne, ba su kan zo daidai wa daida ba, na inji kuwa duk ɗaya su ke. Zarton hannu ya kan bar miƙaƙƙen sawu, zarton inji mai juyawa ya bar lanƙwasasshe. Tsohon katako ya kan tsuke ta faɗinsa, ƙasan aljihu kuma ya kan cinye saboda ja da turawa. Har wa yau su kan duba ko sama da ƙasa tare aka yi su, gama 'yan kasuwa su kan haɗa rabin wani da rabin wani.

Malamin da ke koyar da tarihi zai sami amfani cikin wannan hanya, ko da kuwa teburin da ke gabansa tsohon na ofishin En'e ne. Tambayoyin ɗaya ne a ko'ina: da me aka yi rubutu a kansa, takarda nawa aka nufa ya riƙe, kuma a hannun wa makullinsa ya ke.