Musa Ɗanƙwairo da Ƙungiyarsa: Yadda Waƙar Fada Ke Tashi a Gaban Jama'a

Malaman da ke koyar da waƙar baka a kwalejojin horon malamai sun saba da hanya guda. A samo waƙar wani makaɗi wadda aka riga aka rubuta a takarda, a raba wa ɗalibai, a ce su fitar da jigo da salo, sa'an nan a yi jarrabawa. Hanyar ba ta rasa amfani ba. Amma takarda ta kan ɓoye abu biyu: na fari, waƙar fada aikin ƙungiya ce, na biyu, ba ta cika sai a gaban wanda aka yi ta dominsa. Nufinmu a nan shi ne mu bayyana wannan da misalin Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, domin a cikin makaɗan ƙasar Zamfara babu wanda aikin 'yan amshinsa ya fito fili kamar nasa.

An haifi Musa a ƙasar Bakura, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, daga baya ya zama makaɗin Sarkin Ƙayar Maradun, shi ya sa sunan Maradun ya bi zuriyarsa. Laƙabin Ɗanƙwairo kuwa, an ce ya samo asali ne daga wani mai zaƙin murya a cikin yaran mahaifinsa, ana ce da shi Ƙwairo. Da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai aka riƙa kiransa ɗan Ƙwairo. Bayan mahaifinsu, wansa Abdu Kurna ya riƙe ƙungiya, Musa yana Daudunsa, watau mataimakinsa mai jiran gado. Ya daɗe a wannan matsayi. Mai karatu ya riƙe wannan, gama mutumin da ya yi shekaru yana karɓi a bayan wani ya san abin da ɗan amshi ke iyawa, ya kuma san nauyin da za a iya ɗora masa.

Kiɗan noman da gidan ya fara da shi ma makaranta ce. A wurin gayya makaɗi yana bin manoma kunya kunya, yana duban wanda ya yi gaba ya zuga shi, wanda ya yi sanyi ya taɓa shi da habaici. Ba a zuwa gona da waƙa a ƙulle. Ido ne ke ba baki abin faɗi, kuma tashin fartanya da faɗuwarta su ke ba ganga ma'auni. Wannan hali na duban fili bai rabu da Musa ba har ya shiga fada.

A zamanin da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ke Firimiyan Jihar Arewa sunan Ɗanƙwairo ya ƙetare Lardin Sakkwato, sabo da waƙoƙin da ya yi masa. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Bayan kisan Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, ya ci gaba da waƙar sarakuna. An fi saninsa da 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, ya kuma waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da wasunsu. Ya rasu a 1991, shekara biyar kafin a fitar da Jihar Zamfara daga ta Sakkwato. Allah ya ji ƙansa.

To, mu koma ga ƙungiyar kanta. Abin kiɗanta kotso ne, ganga mai baki ɗaya, tsakiyarta a tsuke, ana liƙa mata nake a tsakiyar fata domin amonta ya zauna. Da yatsu a ke kaɗa ta, ba da makaɗi ba, kuma in an matse tsarkiyarta sai muryarta ta hau, in an saki ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka ya isa ganga ta faɗi taken basarake, wanda ya san taken kuwa ya ji shi sarai. Kotso kayan fada ne. Da shi Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, da shi kuma Sa'idu Faru, mutumin ƙasar Maradun, ya waƙe Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Masu kaɗa kotson nan su ne kuma 'yan amshi, hannu na aiki baki na aiki, kuma galibinsu 'ya'yan gida ne da dangi, waɗanda suka tashi da karin a kunnensu.

Abin da ya bambanta Ɗanƙwairo ya fi fitowa in an gwama shi da Mamman Shata. A wurin Shata, jagora ne ke ɗauke da ɗiyan waƙa duka, 'yan amshi su maimaita gindinta su ba shi damar numfashi. A wurin Ɗanƙwairo kuwa, sau da yawa jagora ya kan jefa farkon zance ne kawai, kalma biyu ko uku, sai 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari a kai, wani lokaci su tafi da ɗa guda har ƙarshensa, shi kuwa yana shiga tsakani da ɗan kira ko tuni. Wani lokacin ma 'yan amshin su kan rabu, wasu su ɗauka wasu su karɓe, kāna su haɗu a kan gindi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun tanadar mana kalmomin bayyana irin wannan aiki, kamar ƙari da karɓeɓeniya. Abin takaici shi ne, ɗalibai da yawa sun haddace kalmomin, amma takardar da ke gabansu ba ta nuna wa ya faɗi wane layi ba. An jera komai a ƙarƙashin sunan jagora, sai ka ce shi kaɗai ya yi magana.

Lalle irin wannan karɓi ba ya yiwuwa sai da shiri. Ana ɗinka waƙar fada a gida, a yi ta maimaitawa har ta zauna a bakin kowa, kuma ƙungiya tana da rumbun kirari da yabo da ta ke ɗiba daga ciki. Amma abin da aka shirya ƙashi ne kawai. Ranar salla, ko naɗin sarauta, ko bikin gidan sarki, in ƙungiya ta gurfana, jagora ne ke zaɓen ɗan da zai fara da wanda zai bi, gwargwadon abin da idonsa ya gani. Wani hakimi ya iso a makare, dole a sa shi. Wani attajiri ya yi kyauta, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta ta, riga ce ko doki ko kuɗi, dole a gode masa a cikin waƙar nan take. In wani ɗan sarki mai ja da ubangida yana zaune a wurin, zambo ya kan sami wurin shiga. In ba ya nan, ana iya tsallake shi, domin kibiya ba ta da amfani inda babu abin harbi. 'Yan amshi ba su san wanne za a jefo musu ba sai sun ji kalmar farko. Gwanintarsu ita ce su gane ɗan daga bakinsa, su shiga ba tare da ganga ta yi tuntuɓe ba.

A nan ne kwatanci da kiɗan jaz ke da amfani, tun da yake wasu daga cikin masu karatu sun san shi. Kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago a birnin New Orleans a farkon ƙarni na ashirin, kuma ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasar nan: mai busa ƙaho Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960 har ya gana da Sardauna a Kaduna, Yusef Lateef kuma ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗan ƙasar nan, musamman sarewar Fulani. A jaz ma akwai gindi da kowa ya sani, a fara da shi a koma gare shi. Akwai kira da amsawa. Kuma masu nazarinsa sun daɗe da yarda cewa ko wane zama na kiɗa abu ne mai zaman kansa, har su kan rubuta ranar da aka ɗauki faifai da sunan ko wane mai kiɗa da ke ciki. Wannan ladabi shi ne abin aro. Amma kada a ja kwatancin ya wuce nan, balle a ce wannan ya haifi wancan. Mai jaz yana ƙirƙira ne da sautin abin busa a kan jerin muryoyi masu jituwa, mai saurare ya biya kuɗin shiga. Ɗanƙwairo da kalma ya ke ƙirƙira, yana da ubangida, kuma abin da ya faɗa yana iya ɗaga darajar mutum ko ya zubar da ita a gaban garinsu.

Na'ura ta taimaka, ta kuma rage. Faifan garmaho na da bai ɗaukar fiye da minti uku ko kusa da haka a gefe guda, sabo da haka waƙar da ta ke cin lokaci mai tsawo a fada sai an datse ta. Rediyo da kaset sun faɗaɗa fili, amma waƙar da aka ɗauka a ɗakin ɗaukar murya ba ta da sarki a gabanta, ba ta da mai kyauta, ba ta da abokin gaba. Duk wanda ya sami ɗauka biyu na waƙa guda ya saurare su a jere, zai tarar gindi ɗaya ne, amma ɗiya sun sauya wuri, wasu sun ƙaru wasu sun fita. Tambayar wacce ce ta asali ba ta da wurin zama.

Saura magana guda, ita ce ta karin harshe. Ɗanƙwairo da Hausar yamma ya ke waƙa. Yana cewa sunka da munka inda Bakano zai ce suka da muka, yana cewa yaz zo inda littafin makaranta zai rubuta ya zo, Tsafe kuma a bakinsa Tsahe ce. Mai rubutawa ya kan ga kamar gyara ne in ya mayar da waɗannan daidaitacciyar Hausa. Amma gaɓar farko ta sunka mai nauyi ce, ta suka kuwa marar nauyi, haka nan yaz da ya. Karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa ya ke tafiya, kotso kuma shi ya ke bi. In an canja kalmar, layin ya gurgunce, ɗalibi ya auna ya ga bai cika ba, har ya zargi makaɗi da karya kari.

Sabo da haka malamin da zai kai Ɗanƙwairo aji ya fara da sauti kafin takarda, ya sa ɗalibai su rubuta da kansu yadda kunnensu ya ji, su ware layin jagora daban, na 'yan amshi daban, na sanƙira daban, su kuma nuna inda ganga ta yi magana ita kaɗai. Masu bincike kuwa, zuriyar gidan ba ta bar kotso ba bayan 1991, kuma a ƙasar Maradun da Bakura da Talata Mafara ne ya kamata a nemi waɗanda suka gaji wannan karɓi, a tambaye su yadda a ke raba ɗa tsakanin jagora da 'yan amshi, da alamar da jagora ke bayarwa in zai koma gindi, a rubuta sunan ko wannensu tare da ranar da aka ɗauki muryarsa da gaban wanda aka yi kiɗan.