Tarihin Wasannin Talabijin Marasa Lasin: Daga Japan Zuwa Kasuwar Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce bin diddigin kaset-kaset ɗin wasan talabijin waɗanda yara ke kira "gem", da suka shiga gidajen Sakkwato a shekarun 1990. Za mu nuna cewa mafi yawansu an yi su ne ba da iznin mai na'urar ba, sa'an nan mu bayyana dalilan da suka haifar da haka.

2.0 Asalin Lasin

Kamfanin Nintendo ya fito da na'urar Famicom a Japan a 1983. A wannan shekara kasuwar wasannin talabijin ta Amurka ta durƙushe, saboda an cika ta da wasanni marasa inganci. Don haka da kamfanin ya kai na'urar Amurka a 1985 da sunan NES, sai ya sanya mata wani ɗan makulli na lantarki mai suna 10NES. Duk kaset ɗin da ba ya ɗauke da mabuɗin wannan makulli, na'urar ba ta karɓarsa. Wanda ya nemi lasin kuwa, sai ya yarda kamfanin ne zai ƙera masa kaset, kuma ba zai fitar da wasanni fiye da 5 a shekara ba.

3.0 Masu Ƙetare Shinge

Waɗannan sharuɗɗa sun yi wa wasu tsauri. Kamfanin Tengen, reshen Atari Games, ya samo sirrin makullin daga ofishin haƙƙin mallaka na Amurka, ya ƙera nasa mabuɗin. A 1989 kotu ta hana shi sayar da wasan Tetris, a 1992 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan Nintendo game da makullin. Shi kuwa kamfanin Color Dreams dabara ya yi: kaset ɗinsa yakan aika wa makullin wata 'yar fizgar lantarki ta ruɗa shi.

Sai dai ba ta wannan hanya kayan suka iso mana ba. Famicom ta Japan ba ta da makulli ko kaɗan, saboda haka masana'antun Taiwan, daga baya na Sin, suka kwaikwaye ta suka sayar da araha. Irinta ce aka sani da Dendy a Rasha tun 1992, kuma danginta ne suka sauka a Legas, suka bi hannun 'yan kasuwa har Babbar Kasuwar Sakkwato. In muka tuna yadda darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, za mu gane abin da ya sa magidanci ya zaɓi kwaikwayo.

4.0 Rabe-raben Wasannin

Ya kamata mu bambance iri uku. Na farko shi ne jabu tsantsa, watau a kwafi Super Mario Bros. ko Contra yadda suke. Na biyu shi ne kaset mai alkawarin dubban wasanni, alhali kuwa kaɗan ne ake maimaitawa da sababbin sunaye. Na uku shi ne sabon aiki wanda lasin kawai ya rasa, kamar wasannin kamfanin Sachen na Taiwan. Akwai kuma masu tsaka-tsaki, alal misali Somari na 1994, inda aka ɗauki Mario aka jefa shi cikin duniyar Sonic.

5.0 Kammalawa

Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da ta 2022 da ta gaje ta, suna kare mai fasaha daga ɓarawon aikinsa, kuma marubutanmu da masu shirya finafinan Hausa sun san zafin wannan sata. Amma kuskure ne mu yi wa iri ukun nan kuɗin goro, domin wanda ya ƙirƙiri nasa ba ɗaya yake da wanda ya kwafa ba. Bugu da ƙari, kaset-kaset ɗin suna lalacewa, masu sayar da su suna tsufa. Muna kira ga jami'o'inmu da su tattara abin da ya saura, su kuma ɗauki bayanan 'yan kasuwar tun suna raye, domin wannan ma wani babi ne na tarihin yarinta a ƙasar Hausa.