Daskarar da kitse: gyaran jiki ba tiyata, amma akwai abin lura

A shafukan Instagram da TikTok, tallar na da jan hankali: mutum ya kwanta minti 35 zuwa awa ɗaya, na'ura ta kama tumbinsa, ya tashi ya koma aiki, babu wuƙa babu allurar barci. 'Yan ƙasarmu mazauna Faransa, Beljiyam ko Amurka sukan ci karo da ita a shagunan kwalliya da ƙananan asibitoci. Ana kiran hanyar da daskarar da kitse.

Likitocin fata biyu, Dieter Manstein da Rox Anderson na babban asibitin Massachusetts a Boston, su ne suka ƙirƙiro ta. Sun dogara da abin da aka daɗe da lura da shi, wato yaran da ke yawan tsotsar ƙanƙara kitsen kumatunsu na kumbura sannan ya ragu, alamar cewa sanyi yana kashe ƙwayoyin kitse kafin ya cutar da fata. A shekarar 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar CoolSculpting.

Na'urar tana tsotse naman wurin, ta sanyaya shi sosai. Ƙwayoyin kitsen da suka mutu, jiki ne ke kwashe su sannu a hankali, shi ya sa ba a ganin sakamako sai bayan wata ɗaya zuwa uku. Abin da ke raguwa kuwa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne na kitsen wurin da aka taɓa kawai. Don haka ba maganin ƙiba ba ce, kuma ba ta kai wa ga kitsen da ke kewaye da hanji, wanda shi ne ke da alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya.

Mafi yawan mutane ja, kumburi ko mutuwar jiki na wasu makonni suke samu. Amma wasu kaɗan kitsen nasu ƙaruwa yake ya yi tauri, sai an yi tiyata kafin a cire shi. Wannan ne ya sami Linda Evangelista, fitacciyar mai tallar kayan ƙawa 'yar Kanada. A watan Satumban 2021 ta bayyana cewa hanyar ta ɓata mata siffa, ta kai kamfanin Zeltiq ƙara tana neman dala miliyan 50, aka sasanta a 2022.

A Faransa ma, babbar hukumar lafiya ta ƙasar ta yi gargaɗi a 2018 kan ƙunar sanyi da ake samu idan na'ura ba ta da inganci ko mai aikin bai ƙware ba. Ga baƙar fata, irin wannan ƙuna kan bar tabo mai duhu da ke daɗewa.

Masu juna biyu, masu ƙaba a wurin da za a taɓa, da masu cututtukan jini da sanyi ke tayarwa bai kamata su yi ba. Masu sikila kuwa su fara tuntuɓar likitansu, tunda sanyi na tayar da ciwon. Kafin mutum ya biya kuɗi, ya tambayi sunan na'urar, ya ga takardar ƙwarewar mai aikin, ya kuma san likitan da zai duba shi idan aka samu matsala.